Wa ke ƙera kulocin da mota ke fitowa da shi daga kamfani?

Sabi'u Kurna:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana mota. Ina hawa Toyota Corolla ta 2004 mai giyar hannu, Beljiyam na saye ta. Kulocinta ya fara sulɓi: in na taka totur a giya ta huɗu sai injin ya yi ta gurnani amma motar ba ta ƙara gudu, in kuma zan hau gadar Kabuga da mutane a ciki sai in ji ƙauri. Bakanikena ya ce sai an sauya. Na shiga kasuwa, aka ɗauko min kwali iri uku, ɗaya Toyota, ɗaya Aisin, ɗaya Exedy, kuma kowane mai shago rantsuwa yake nasa ne irin wanda motar ta fito da shi. To wai wa ke ƙera kulocin asali? Toyota ce da kanta ko wani ke yi mata? Kuma ta yaya zan gane? Ba na so a sauke min giyabos sau biyu.

Mubarak Hotoro:
Wa alaikumus salam. Malam Sabi'u ai wannan ba abin dogon tunani ba ne. Motar Toyota ce, ka sayi na kwalin Toyota, shi ke nan.

Oga Ɗanlami Bakanike:
Mubarak ɗana, da sauƙin haka yake da ba mu sha wahala ba. Ka taɓa riƙe kulocin Toyota sabo ka juya bayan furesha, wato ƙarfen da ke matse faifan kuloci, ka duba? A yawancin waɗanda suka biyo ta hannuna na motocin da aka haɗa a Japan, za ka ga an buga AISIN a jikin ƙarfen. Kwalin na Toyota ne, lambar ta Toyota ce, amma mai ƙirar daban. Kamfanin mota ba ya zama ya ƙera komai da komai. Shi yake tsara abin da yake so, ya ba masu sana'ar kuloci su yi masa, a kawo masa ya ɗaura. Kamar mai shagon huluna ne a Kurmi, sunansa ne a jikin leda amma mai ɗinkin yana can wani wuri.

Malam Sabi'u, kafin ka saki kuɗinka, turo mana haruffa uku na farkon lambar shasinka. Kada ka turo dukkanta a cikin jama'a, ukun farko sun isa.

Sabi'u Kurna:
Na duba Oga, JTD ne.

Injiniya Hadiza:
Sannunku da muhawara. Bari in ɗora a kan maganar Oga Ɗanlami, don tambayar da ya yi ita ce mabuɗin zancen.

Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, kuma na farko-farkon su ne ke faɗin inda aka haɗa motar. JT Toyota ce ta Japan. SB1 Toyota ce amma ta Ingila, daga masana'antarsu ta Burnaston, inda aka fara da Carina E a 1992, aka zo aka yi Avensis da wasu Corolla. NMT ta Turkiyya ce. Corolla 'yar Amurka da muke gani da yawa a Kano za ka tarar ko 1NX ko 2T1, ta biyun nan a Kanada aka haɗa ta. Hilux kuwa akwai MR0 ta Tailan, akwai AHT ta Afirka ta Kudu. Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne, kamfanin mota yakan sayi kaya a hannun masu ƙira daban-daban gwargwadon masana'anta, da irin injin, da shekarar. Mota biyu suna ɗaya, shekara ɗaya, kana buɗe su ka ga sunan masu kuloci daban. Don haka duk wanda ya ce maka "kulocin Corolla ai kamfani kaza ne" ba tare da ya tambaye ka wace Corolla ba, bai gama magana ba.

Tunda taka JT ce Malam Sabi'u, mafi rinjayen zato Aisin ne. Aisin ɗan gida ne a rukunin kamfanonin Toyota, hedikwatarsa na Kariya a jihar Aichi, jihar da Toyota kanta take. An kafa shi da sunan Aisin Seiki a 1965 bayan haɗewar wasu kamfanoni biyu, kuma ba kuloci kaɗai yake yi ba, yana yin giyabos da famfon ruwa da sauransu. Exedy ma ba baƙo ba ne, babban mai ƙirar kuloci ne da ke yankin Osaka, kuma yana yi wa kamfanonin motoci da dama na Japan. Shi ya sa mai shagon da ya ce maka Exedy ma na kamfani ne ba lallai ƙarya ya yi ba, sai dai na kamfani ga wace mota, nan ne zancen yake.

Malam Tijjani Fagge:
Hajiya Injiniya, Exedy ɗin nan ba shi ne muke kira Daikin a da ba? Na tuna kwalayensa.

Injiniya Hadiza:
Shi ne Baba. Ya sauya suna zuwa Exedy a 1995. Kuma ba shi ne Daikin mai na'urar sanyaya ɗaki ba, kamfanoni biyu ne daban.

Malam Tijjani Fagge:
Madalla. Mu da muka tashi a zamanin Fijo wannan magana ba sabuwa ba ce a wajenmu. Tun da aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, duk wanda ya riƙe Fijo ya san in ana zancen kuloci Valeo ake nufi. Kamfanin Faransa ne, tsoho, tun 1923 yake, sunan Valeo ɗin ne ya zo daga baya a 1980. Ba wanda ya taɓa cewa don zakin tambarin Fijo ba ya jikin kwali to kulocin ba na kirki ba ne. Mun san mai mota daban, mai kuloci daban. Yaran yanzu ne suka ɗauka kwali shi ne kaya.

Mubarak Hotoro:
To na ji Baba. Amma in dai Aisin ne ke cikin kwalin Toyota, me zai sa mutum ya biya kuɗi mai yawa a kan kwalin Toyota? Ai sai ya sayi Aisin kai tsaye, abu ɗaya ne.

Alhaji Nasiru Mai Kayan Gyara:
Yawwa, an zo wajen da nake jira. Ni a wannan sana'ar na yi furfura, kuma abin da nake gaya wa masu sayayya kenan kullum. In ka samu Aisin na gaskiya a kwalinsa, wanda lambarsa ta dace da motarka, ka samu abin da kake nema, kuma ya fi na kwalin Toyota sauƙi. Bambancin kuɗin nan na suna ne da hanyar da kayan ke bi kafin su iso ka.

Bari in koya muku karanta lamba, don ita ce ba ta ruɗi. A tsarin Toyota, faifan kuloci lambarsa na farawa da 31250, furesha 31210, boris ɗin kuloci kuma 31230, sai lambobi biyar su biyo baya waɗanda su ne ke bambanta mota da mota. Shi Aisin a nasa kwalin, kayan Toyota yakan sa musu DTX ga faifai, CTX ga furesha. Exedy kuma TYD da TYC. Mai kayan da ya san aikinsa zai karɓi lambar shasinka ya shiga kundin kayan gyara a kwamfuta, ya fito da lambar Toyota, sannan ya duba wace lambar Aisin ko Exedy ce ta yi daidai da ita. Wanda bai san aikinsa ba zai ce maka "kawo tsohon mu gwada", ya kara su ido da ido, in sun yi kama ya naɗe maka.

Injiniya Hadiza:
Alhaji na yarda da kai a kan lamba, amma cewa abu ɗaya ne a kowane lokaci, a nan ina da ja. Sau da yawa hakan ne, ba koyaushe ba. Abin da mai ƙira ya yi wa kamfanin mota, ya yi shi ne bisa sharaɗin da aka gindaya masa: ƙarfin matsin furesha kaza, irin lainin kaza (wato abin da ke jikin faifai mai cinyewa da goga), taushin sifirin ɗin tsakiyar faifai kaza, don injin guda da giyabos guda. Wanda kuwa yake fitarwa kasuwa da sunansa, yakan haɗa motoci da dama a ƙarƙashin lamba ɗaya don rage yawan kaya. Zai shiga, zai yi aiki lafiya, zai daɗe, amma mai motar da ya saba da ƙafarsa yana iya jin feda ta ɗan ƙara tauri ko inda take kamawa ya ɗan sauya. Ban ce mummuna ba ne. Na ce dai kada a rantse wa mutum cewa babu bambanci ko kaɗan.

Alhaji Nasiru Mai Kayan Gyara:
Hajiya, ke kina magana daga littafi, ni daga kanta. Wanda ya zo shagona da motar da ta haura shekara ashirin, wadda ta sha titunan Turai sannan ta zo ta sha namu, ba taushin sifirin ne damuwarsa ba. Damuwarsa kada a ba shi jabu. Kuma bari in faɗa muku wata gaskiya mai ɗaci: kwalin da aka fi kwaikwaya a kasuwar nan shi ne mai sunan kamfanin mota, saboda shi mutane ke tambaya. Ja da farin kwalin nan ba wuyar bugawa gare shi ba. Don haka wanda ya ce shi sai kwalin Toyota, kuma yana neman sa da araha, shi ne ya fi kowa kusa da faɗawa rami.

Injiniya Hadiza:
Wannan kam ba na musu da kai. Sai dai sunan Aisin da Exedy da Valeo ma ba su tsira daga masu kwaikwayo ba.

Alhaji Nasiru Mai Kayan Gyara:
Ba su tsira ba, wallahi. Shi ya sa nake cewa a bar kallon kwali a kalli ƙarfe.

Baba Iro Direba:
Salamu alaikum, na shigo a makare, ina hanya. Ni Sharan nake ja daga Unguwa Uku zuwa Kaduna, kafin ita kuma Golf 3 na daɗe ina ja. Mu a wajenmu sunaye biyu ne, LuK da Sachs, dukansu na Jamus. Kuma abin da Injiniya ta faɗa na gani da idona: Golf biyu a tasha ɗaya, aka sauke na abokina aka ga Sachs, aka sauke nawa aka ga LuK, kuma kowanne da tambarin VW a jikinsa. Muka yi ta gardama wane ne na asali, ashe duka biyun ne.

Tambayata ga Alhaji Nasiru. An taɓa kawo min wani sabo fil, amma wajen da tambari yake an goge shi da injin gurza, sai sunan mai ƙirar kawai ya rage. Na mayar na ce jabu ne. Yaya abin yake?

Alhaji Nasiru Mai Kayan Gyara:
Baba Iro, mai yiwuwa kayan kirki ka mayar. Mai ƙira in ya buga kaya a layin da yake yi wa kamfanin mota, ya zo zai sayar da su da sunansa, ba shi da ikon sayar da su da tambarin wancan kamfanin, sai ya goge. An san wannan a kayan motocin Jamus. Amma ban ce duk mai gogaggen tambari na kirki ne ba, don 'yan damfara ma sun san mutane sun fara ganewa. Abin dubawa shi ne sauran jikin: sunan mai ƙira da lambarsa a buge suke cikin ƙarfe ko fenti ne aka shafa? Kan ribit ɗin a daidaice yake, duk girma ɗaya? Yatsun furesha tsayinsu ɗaya? Ka girgiza faifan, sifirin na kwaramniya? Ka ɗaga shi ka ɗaga tsohon, nauyi ya yi kusa? Jabu ya fi tona kansa a wajen nauyi da ribit.

Wani abu kuma da zai amfane ku masu Golf: a cikakken saitin LuK, lambar na farawa da 6, biyun da ke biye mata kuma faɗin faifan suke nunawa. 620 na nufin milimita 200, 622 na nufin 220. In mai shago ya ba ka wanda lambarsa ta ce abu kaza, ka sa tef ka ga wani abu daban, ka ajiye masa kayansa.

Injiniya Hadiza:
Ƙari a kan na Baba Iro. LuK an kafa shi a 1965 a garin Bühl, kuma da Volkswagen ya fara ciniki, yanzu yana ƙarƙashin rukunin Schaeffler. Sachs ya girme shi nesa, tun 1895 a Schweinfurt, kamfanin ZF ya saye shi a 2001. Su biyun nan da Valeo su ne za ka fi gani a motocin Turai, har Marsandi da BMW da Ford. Masu Hyundai da Kia kuma za su yawaita ganin Valeo na Koriya, wanda ake rubuta wa PHC Valeo. Honda akwai Exedy, akwai kuma wani kamfani FCC da ya shahara a kulocin babura.

Baba Iro, gargaɗi ɗaya a kan Sharan, musamman mai shan gas. Da yawansu filawul ɗinsu, wato ƙarfen bayan injin da faifan kuloci ke kamawa, mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani, irin wanda LuK ya fara fitarwa a 1985 don rage jijjigar injin. Wannan ba a kai shi wajen mai lailaya ƙarfe a share masa fuska kamar na Golf ɗin da. In ya yi sako-sako sai dai a sauya, kuma kulocin da aka yi don filawul mai ɓari biyu ba ɗaya yake da na dunƙulallen filawul ba.

Baba Iro Direba:
Tawa mai fetur ce, amma zan isar wa 'yan tasha. Allah ya saka.

Hajiya Rabi Zoo Road:
Ina ta bibiyarku shiru. Ni Avensis gare ni mai giyar hannu, na duba takarda na ga SB1. Ke nan ni ba Aisin zan saya ba?

Oga Ɗanlami Bakanike:
Hajiya, kada ki yanke hukunci tukuna, ko ta nan ko ta can. Taki a Ingila aka haɗa, don haka ba za mu ɗauko hukuncin ta Japan mu ɗora mata kai tsaye ba. A fitar da lambar Toyota daga lambar shasinki, sannan ranar da za a sauke giyabos a duba abin da ke ciki.

Kuma wannan ya kawo ni kan abin da nake so kowa ya riƙe. Duk bayanin da Injiniya da Alhaji suka yi gaskiya ne, amma shaidar ƙarshe tana cikin motar. Mai ƙirar kuloci yana buga sunansa ko tambarinsa a bayan furesha, da kuma kusa da cibiyar faifai. In an sauke, a wanke da fetur da buroshi a duba da fitila. Gani ya kori ji. Kada a hura ƙurar da iskar kwamfureso, don tsofaffin lainin da wasu masu arha akwai asbesto a ciki, yana illa ga huhu, yaranmu na gareji su suke shaƙa.

Sai dai akwai wani tarko a nan Kano. Motocinmu yawanci na hannu ne. Corolla ta 2004 ta yi rayuwa kafin ta zo hannun Malam Sabi'u. Wa ya san ko Baturen da ya fara hawanta ya sauya kuloci? Wa ya san abin da aka yi mata a Kwatano, ko wanda ya riƙe ta a nan kafin shi? Ballantana in an taɓa sauya injin ko giyabos da na Beljiyam, wanda ba baƙon abu ba ne a wajenmu. To in haka ta faru, lambar shasi za ta faɗi abu ɗaya, abin da ke cikin motar ya zama wani. Shi ya sa ni ba na yarda a sayo kuloci kafin in sauke, sai in mai shagon ya amince za a iya mayarwa. In na sauke zan auna faɗin faifai, in ƙirga haƙoran cibiyarsa, in zura shi a sandar giyabos in ga ya shiga ya fita ba tare da ya cije ko ya yi lilo ba, in kara ramukan furesha da na filawul.

Yadda nake gane wanda ya fito da mota daga kamfani: sau da yawa za ka ga sunan mai ƙira tare da tambari ko lambar kamfanin motar, kuma kan kusoshin ba su nuna alamar sifana ta taɓa hawa kansu ba. In kusoshi sun sha hannu, wani ya riga ni shiga.

Mubarak Hotoro:
Oga to ya batun na Beljiyam? Mutane da yawa a Ƙofar Ruwa shi suke saya, suna cewa tunda daga jikin mota aka cire shi to tabbas na kamfani ne, ya fi sabo ɗan China.

Oga Ɗanlami Bakanike:
Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni ba na ba da shawararsa sai dole. Kuloci abu ne mai cinyewa. Furesha na Beljiyam mai sunan kirki yana iya fin sabon jabu, ban musa ba. Amma ba ka san saura nawa ya rage a rayuwarsa ba. Lainin ana iya ganin kaurinsa da ido, a ga ko ya kusa cim ma ribit. Ƙarfin sifirin ɗin furesha kuwa ido ba ya gani, in ya taɓa shan zafi ya saki, sai ka ɗaura ka hau titi sannan za ka sani. Kuma kuɗin aiki ɗaya ne, ko sabo ka sa ko tsoho sai an sauke giyabos.

Akwai kuma masu ɗaukar tsohon faifai mai sunan kirki su sake masa lainin su buga ribit. Sana'a ce, kuma in an gaya maka gyararre ne ka saya a kan saninka babu laifi, masu manyan motoci na yi. Zaluncin shi ne a wanke shi a sa a kwali a ce sabo ne. Sunan da ke jikin ƙarfen na gaskiya ne, amma abin da zai riƙa gogar filawul ɗin ba mai sunan ne ya yi shi ba.

Alhaji Nasiru Mai Kayan Gyara:
Ina so in kare 'yan kasuwa kaɗan, don kada a tashi da cewa mu ne matsalar duka. Mutum zai zo in ɗauko masa na gaskiya in faɗi kuɗi, ya ce ya yi tsada, a can an ce masa rabin haka. In ce wancan ba irin wannan ba ne, ya ce ai suna ɗaya ne a kwali. Ya tafi ya saya, bayan 'yan watanni ya dawo yana zagin kasuwa gaba ɗaya. Kayan nan da dala muke sayo su. In ka ga farashi ya faɗo ƙasa da hankali, akwai dalili. Abin da nake roƙon mai saye shi ne ya nemi rasit da aka rubuta sunan mai ƙira da lambar kayan a kai, ba "kuloci guda ɗaya" kawai ba. Mai gaskiya ba zai ƙi rubutawa ba. Wasu kamfanonin ma yanzu suna sa wata lamba a kwali da ake ɗauka da waya a tantance, in akwai ta a gwada a gaban mai shagon.

Malam Tijjani Fagge:
Alhaji gaskiyarka, amma ku ma shugabannin kasuwa su tashi tsaye. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya na nan don irin wannan, sai dai ba za ta shiga kowane shago ba. Ku kuka san junanku.

Alhaji Nasiru Mai Kayan Gyara:
Haka ne Baba, ana ƙoƙari, Allah ya ba mu iko.

Sabi'u Kurna:
Jama'a na gode ƙwarai. Na bi shawarar Oga Ɗanlami, na ce a sauke kafin in sayi komai. Ga abin da muka gani. Furesha an buga AISIN a bayansa. Faifan kuwa babu suna ko ɗaya a jikinsa, lainin ya cinye har ribit ya fara gogar ƙarfe, kuma gefe ɗaya ya jiƙe da baƙin mai. Boris ɗin ma yana ƙara in an juya shi da hannu. Bakanikena ya ce tunda furesha mai kyau ne a bar shi, a sayi faifai kawai. Me kuka gani?

Oga Ɗanlami Bakanike:
Ka ga abin da nake faɗa. Wani ya taɓa shiga, ya sa faifai marar suna ya bar tsohon furesha. Kada ka maimaita abin da ya yi. Furesha da ya ci faifai biyu, kuma ribit ya karce fuskarsa, ya gama aikinsa. Ka sayi ukun tare, faifai da furesha da boris, na kamfani ɗaya, don an yi su ne su yi aiki da juna.

Amma abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne baƙin man nan. Daga ina ya zo? Ko sil ɗin bayan injin, wato robar da ke tare mai, shi ne ke yoyo, ko na gaban giyabos. A cire filawul a duba. In ba a toshe shi ba, ko daga hannun Aisin ka karɓo kulocin da kanka, mai zai jiƙa shi ya koma sulɓi, ka ce an sayar maka da jabu alhali ba laifin kayan ba ne. Sil ɗin ba shi da tsada, kuma yanzu ne lokacin sa shi tunda komai a buɗe yake. A duba fuskar filawul kuma, in ta yi shuɗi-shuɗi ko ƙananan tsagu na zafi a kai a share ta.

Injiniya Hadiza:
Na goyi bayan Oga. A wajen ɗaurawa kuma a sa sandar daidaita faifai a tsakiya, a ɗaure kusoshin furesha kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, kada a gama da ɗaya kafin a taɓa sauran. Giris a haƙoran sandar giyabos ɗan kaɗan ake shafawa, in ya yi yawa zai fantsama kan lainin. Kuma kada a bar nauyin giyabos ya rataya a jikin faifai lokacin shigarwa, yana lanƙwasa shi.

Baba Iro Direba:
Ni kuma nawa na direba. Malam Sabi'u, in an gama, 'yan kwanakin farko ka bi shi a hankali, ban da lodi mai nauyi da fizga. Sannan a cunkoson Bata ko Ƙofar Nassarawa, in an tsaya ka fitar da giya ka ɗaga ƙafarka gaba ɗaya. Masu ɗora ƙafa a kan feda suna tafiya, da masu riƙe mota da kuloci a kan gada maimakon birki, su ne ke ƙona shi kafin lokacinsa.

Sabi'u Kurna:
An cire filawul, sil ɗin bayan injin ne. Zan sayi saitin Aisin mai kaya ukun nan da sil. Alhaji Nasiru zan turo maka cikakkiyar lambar shasin ta akwatin sirri ka duba min lambar kayan kafin in fito.

Alhaji Nasiru Mai Kayan Gyara:
Turo, ka haɗa da lambar injin, sannan ka taho da tsohon faifan da furesha a hannu mu kara su. Hajiya Rabi ke ma in kin shirya ki turo taki, a duba miki tun kafin kulocin ya fara ba ki matsala.

Hajiya Rabi Zoo Road:
To Alhaji, zan sa yaro ya ɗauko hoton lambar daga jikin motar, don ta takarda wani harafin ya goge.